Baƙuwar da Kaka Ya Riƙe

Ranar da aka kai Kaka makwancinsa, wanda ya fi kowa kuka ba danginmu ba ne. Wani tsohon Ibo ne mai sayar da kayan gyaran mota, wanda tun ina ƙarama ban taɓa ganin sun rabu da Kaka ba su zagi juna ba. Ina leƙe ta taga na gan shi tsaye bakin tabarma da takalmansa a hannu, bai san ko zama zai yi ko tsayuwa ba, yana share hawaye da bayan hannu. Aka ce ya yi haƙuri. Ya ce, "Who go quarrel with me now?" Wai wa zai riƙa yi masa masifa yanzu. Maza suka fashe da dariya a wurin makoki, sannan suka ji kunya suka koma salati.

An zo, ba laifi. 'Yan albasa na Mile 3 sun ciko bas daga Fatakwal. 'Yan uwanmu na Kasuwar Artisan sun zo daga Inugu har da tabarminsu, don sun san namu ba za su isa ba. Dattawan unguwarmu ta nan Anaca suka jera suna "ya haƙuri, ya muka ji da rashi", kowa da irin shaidarsa. Liman ya ce ba a rasa shi a sahun gaba. Mai ƙosan bakin layi ta ce injin markaɗenta bai taɓa kwana a lalace ba. Amma kusan duk wanda ya gama gaisuwa sai ya saci kallon tamfol ɗin da ke lulluɓe a kusurwar gareji, ya rage murya ya ce, "Motar fa?"

Na zauna rubuta wannan ne don na ga an fara gyara shi. Tun kafin a naɗe tabarmi an mai da shi wani salihin tsoho mai sanyin murya. Ba haka yake ba. Kaka masifaffe ne, ga cika baki, kuma mafi yawan lokaci yana da gaskiya, abin da ya fi ba mutane haushi ke nan. Gara a tuna da shi yadda yake. Kuma tunda ana ta tambayar motar, zan faɗi abin da ya same ta, kowa ya huta.

Motar ba tasa ba ce. Shi ya sa yake kiranta Baƙuwa. Wata 'yar ja ce mai ƙofa biyu, gajera kamar ta durƙusa, irin ta tsere ta zamanin da, injinta a baya. Ta ogansa ce, mutumin Inugu da ya ɗauke shi daga turin baro yana saurayi ya koya masa kanikanci. Ogan yana da 'ya mace ɗaya, wadda Kaka ya ce tun motar tana kwanar layi take jin kukanta ta rugo bakin get ba takalmi. Da ciwon ajali ya kama Oga, yarinyar tana ƙasar waje. Ya miƙa wa Kaka makulli ya ce ya riƙe har ta dawo, kuma ya kai mata ita tana numfashi, ba gawa ba. Wannan magana ita ce ta riƙe Kaka tun kafin a haife ni. Masu kuɗi sun zo tayawa, ya kore su kamar sun zo neman matarsa.

Aikinsa shi ne injin da ba ya shan ruwa. Irin motocin nan da muke ce wa kunkuru, da tsofaffin bas masu inji a baya, da irin su Baƙuwa. Ba su da lagireto, tankin ruwan nan mai sanyaya inji. Wata fanka ce take zuƙo iska ta 'yan tagogin da ke kan murfin baya, ta hura ta tsakanin haƙarƙarin ƙarfen inji. Waɗannan tagogi Kaka yake ce wa hanci.

Ina ƙarama na tambaye shi, "Tsoho, wai motar nan ba ta jin ƙishirwa?"

Ya ce, "Ke ce mai jin ƙishirwa, don bakinki ba ya hutawa. Wannan iska take sha. Toshe hancinki mu gani."

Na toshe. Ya tsaya yana kallona har na saki ina haki.

Ya ce, "To ita ba ta da hannun da za ta saki."

Duk safiyar Juma'a sai ya yaye tamfol. Ya zaro sandar baƙin mai ya murza tsakanin yatsu ya shinshina. Ya danna fambel da babban yatsa. Ya zura hannu bayan fanka yana laluben ko wani abu ya shige. Sannan ya tayar, ya rufe ido ya karkata kai kamar mai sauraron tafsiri. Ba ya barin ta ta daɗe tana aiki a tsaye. Sai ya fita da ita ya zaga kafin hanya ta cika, ya dawo ya rufe. Mu kuwa a cikin gida haushi muke ji, don ba mai komawa barci in Baƙuwa ta tashi.

Yana da wata ɗabi'a da ta sa ake masa dariya har Inugu. In ka kawo masa mota ba ya tambayarka me ya lalace. Cewa yake, "Yi min kukan da ta yi." Dole ka yi da bakinka. Na ga babban mutum da kwat da tumbi ya tsaya tsakiyar gareji yana "cak-cak-cak", Kaka yana girgiza kai yana cewa, "A'a, sake. Daga sama take yi ko daga ciki?" Cak-cak daga sama bawul ne yake neman saiti, kuma shi ba ya saita bawul sai da safe inji na sanyi, ko gwamna ne kai sai ka kwana. Ƙwal-ƙwal daga ciki kuwa, sai ya ce a yi salati, an riga an bar ta ba mai. In ka ce ba ka iya ba, ya ce to ba ka taɓa sauraronta ba, hawa kawai kake. Shi kuma yana da kukan lafiyayyen inji a bakinsa: dugu-dugu-dugu daga maƙogwaro, da wani ɗan siririn fito a sama, wanda ya ce muryar fanka ce. Da shi yake lallashinmu muna jarirai.

Wani ya taɓa jawo kunkurunsa da igiya, inji ya ƙone ƙurmus, yana rantsuwa mutanen ƙauyensu ne suka yi masa asiri. Kaka ya durƙusa bayan motar. Ya kwance rufin fanka, ya zaro wani dunƙule na tsumma da leda da rabin safa, sheƙar ɓera, ya ɗora masa a tafin hannu ya ce, "Ga dangin naka. Ka gaishe su."

Abin da ya fi tayar masa da hankali shi ne 'yan fallayen gwangwanin da ke zagaye da inji. Ragwayen makanikai in sun kwance ba sa mayarwa, sai su ce kwalliya ce. Kaka ya ce su ne ke tare iska su kai ta inda ake bukata, in babu su zafin ƙasa yake dawowa inji ya sha, silindar da ke ƙurya ta gasu, bawul ya karye ya faɗa kan fistin. Ya taɓa bin wani makanike har rumfarsa da gwangwani a hannu yana kiransa mahauci. Ya kan ce irin wannan inji ba ya mutuwa farat ɗaya, sai ya yi ta magana an ƙi ji. Ya yi wari, ya rage ƙarfi, ya kunna jar wuta. In jar wuta ta kama, a tsaya a nan, ko tsakiyar gada ne. Kuma kada a kuskura a zuba masa ruwa yana zafi, a buɗe murfi a bar shi ya huce don kansa. Wallahi na ji wannan karatu har na ƙosa. Kowa a gidanmu ya ji shi.

Wanda ya fi kowa ji shi ne Baffa, ƙanin babana. Shi Kaka ya so ya gaje shi, kuma yana da hannu. Amma ya girma ya ga irin motocin suna ƙarewa a titi, ya ce zai koma tirela. A gabana aka yi, ina tsinke zogale.

"Baba, motocin nan sun ƙare. Wa ya kawo maka aiki makon nan?"

"Ba su ƙare ba. Ku kuka kashe su."

"To ni dai iyali gare ni."

"Je ka, direban tukunya! Ruwa a gaba, wuta a ƙasa, gari kawai ya rage ka tuƙa tuwo."

Na yi dariya, Gwaggo, yayar su Baffa, ta make min ƙeya. Daga ranar magana ta yi ƙaranci tsakaninsu. Baffa ya kan dawo daga Arewa da zuma da man shanu ya ajiye bakin ƙofar Kaka. Kaka ya shanye tas ya ce an surka. Bai taɓa ba shi makullin Baƙuwa ba, ko don ya ɗumama ta. Ni a ganina su biyun duk taurin kai ne, kuma na faɗa wa Kaka haka. Ya ce, "Ke wa ya sa da ke, uwar iya magana?"

Ni kaɗai ce a gidan na taɓa shiga motar. Ranar da sakamakon jarrabawarmu ya fito ba yadda na so ba, na shige ɗaki na ƙi cin abinci. Kowa na ta wa'azi. Kaka ya leƙo ya ce, "Taso ki raka ni, mummuna." Ba ma Juma'a ba ce. Ya kai ni bakin kogin Kwara, ya sayo masara gasasshiya ya ba ni rabi. Bai ce min uffan a kan jarrabawa ba. A hanyar dawowa na ce ya sa babbar giya mana, ƙarar ta yi yawa. Ya ce in ana tafiya a hankali a babbar giya fanka ma lalaci take yi, inji ya yi ta dahuwa shiru. Ya ce gara mai ƙara da mai cin ciki. Ban sani ba ko da motar yake ko da ni. Na dai ci tuwo da muka dawo.

Bana 'yar Oga ta yi waya ta ce ta dawo Inugu gaba ɗaya. Ku zo ku ga Kaka. Ya canza mai, ya sa sabon fambel, ya wanke haƙarƙarin inji da buroshi ɗaya bayan ɗaya. Kullum a bakin abinci sai ya maimaita shirinsa: ana sallame asuba zai kama hanya, ya wuce mahaɗar Upper Iweka kafin manyan motoci su farka, don gosulo shi ne makashin Baƙuwa. Lokacin nan ya riga ya fara tsayawa hutu tsakanin gareji da masallaci. Muka ce tsufa ne. Da aka kai shi asibiti aka ce zuciya ce, kuma ta daɗe tana yi. Bai dawo gida da ƙafarsa ba. Makullin yana aljihun rigar da aka cire masa.

Da aka tashi daga zaman makoki Baffa ya ce shi zai kai. Ba wanda ya musa, direba ne tun ban san kaina ba, kuma kowa ya ga abin da yake nufi: yana so ya yi wa ubansa abu ɗaya da ba za a ce an surka ba. Sai dai bai fita da asuba ba, don baƙi masu bankwana sun riƙe shi har rana ta ɗaga. Gwaggo kuma ta ce, "Tunda Inugu za ka, ga tabarmin mutanen Artisan, kada a ce mun riƙe musu." Motar ba ta da wurin kaya, ɗan but ɗin gaba taya ce a ciki. Sai Baffa ya yi abin da ya fi kowa iyawa. Ya jera tabarmin a kan murfin baya, ya ga hadari ya lulluɓe da leda, ya ɗaure da roba tam, irin ɗaurin da buhu ba ya motsi daga Anaca har Kano. Maza na tsaye suna yaba ɗaurin. Ni ina bayan gida ina wanke tukwanen sadaka. Na ji ta tashi, na ji ta fita layi, har na ce a raina yau ba Juma'a ba.

Ba a jima sosai ba Gwaggo ta fito da waya a hannu tana salati, tana ambaton Baffa da Upper Iweka. Ban tsaya jin ƙarshe ba na tari okada.

Na same su gefen hanya a Upper Iweka, tsakanin wata tirela da bas ɗin Arewa, 'yan kamasho sun kewaye suna ba da shawara. Tabarmi a ƙasa, murfi a buɗe, ledojin fiyawata fanko warwatse ko'ina, baƙin mai yana bin kwalta. Baffa na tsaye hannu a ka.

Na ce, "Baffa, me ya faru?"

Ya ce gosulo ne ya kama shi. Ya ji wari ya ɗauka na motar gaba ne. Ƙarfi ya ragu ya ce tsufa ne. Jar wuta ta kama, ya ce bari ya fita daga cunkoson tukuna, ba wurin fakin, ana ta yi masa hon. Da ya samu ya tsaya ya kwance kaya, zafin da ya buso shi ya firgita shi. Ga mai fiyawata a gabansa. Ya sayi jaka guda ya yi ta fasawa yana watsawa.

"Sai na ji ƙas. Na jira kaɗan na sake tayarwa. Sai wani abu ya daki ciki."

Na ce, "Ka toshe mata hanci, sannan ka watsa mata ruwa."

A gaban mutane na faɗa, kuma da ƙarfi. Da a da ne da na sha mari. Bai ko kalle ni ba. Ya ce, "Na sani. Wallahi na sani. Ina zubawa ina jin muryarsa, hannuna bai tsaya ba." Shekara da shekaru abin da hannun ya saba ke nan: inji ya yi zafi, a ba shi ruwa.

Tsohon nan mai kayan gyara ya zo ya durƙusa ya leƙa ƙasa. Ya ce kan silinda ya tsage, ƙarfen fistin kuma ya huda cikin inji ya leƙo waje. Ya ce ko an samo kayan daga ƙasar waje, mai hannun haɗawa shi muka binne.

A gida aka yi ta shawara. Gwaggo ta ce a gaya wa matar tun da daɗewa injin ya tsaya, wa zai sani. Wani ya ce a nemo injin kunkuru a dasa, ai mace ce ba za ta gane ba. Baffa ya ce duk wanda ya sake faɗin haka ba shi ba shi. Ya ɗauko janwe aka ɗora Baƙuwa. Ya ce in shirya in bi shi tunda ina jin yaren Ibo. Har muka isa Inugu bai yi min magana ba, sai da muka sauke tabarmi a Artisan ya ce in ƙirga kada a ce sun ɓace.

Na ɗauka yarinya zan gani, don haka Kaka yake kiranta. Ashe dattijuwa ce da furfura da tabarau. Tana bakin get kafin mu tsaya. Ta yi mana gaisuwa da 'yar Hausarta ta yarinta, "Sannu, sannu, Allah ya ji ƙan Malam." Ta zaga motar tana shafawa, ta buɗe ƙofa ta shinshina kujera ta yi dariya. Ta ɗauka don lallaɓawa muka ɗoro ta a janwe. Sai ta juyo ta ce a tayar mata. Ta ce ita ba hawa za ta yi ba, gwiwoyinta ma ba za su bari ba. Ji kawai take so ta yi.

Baffa ya cire hula. Ya ce in fassara, kada in rage komai. Ya ce mahaifinsa ya riƙe ta da rai har ranar da ya mutu, ba Juma'ar da ba ta tashi ba. Ya ce shi ne ya kashe ta, a hanyar kawo ta, da hannunsa. Na fassara. Ban rage ba.

Ta ɗora hannu a jikin motar. Sannan ta tambaya ko akwai wanda ya taɓa ɗaukar kukanta a waya. Na duba Baffa, ya duba ƙasa. Mu da muke ɗaukar biki da suna da faɗan 'yan keke a titi, ba wanda ya taɓa ɗaga waya safiyar Juma'a. Ƙarar damuwa ce a wurinmu. Muryar Kakan ma, da na bincika daga baya, ba mu da ita.

Ta gyaɗa kai ta ce ba komai, ta gode, mu shigo mu sha ruwa. Ta juya za ta shiga.

Sai na ji shi a bayana. Dugu-dugu-dugu. Baffa ne, ƙaton mutum da gemu, tsaye gefen janwe, ido a rufe, kai a karkace. Wallahi da ban juya ba da na rantse Kaka ne. Matar ta tsaya cak da hannu a kan get. Ta saurara. Ba ta juyo ba ta ce, "Saura wani abu. Akwai wani ɗan fito a sama."

Baffa ya gwada, fiton ya ƙi fita. Sai na karɓa. Shi yana inji, ni ina fanka, a bakin titi, direban janwe yana kallonmu kamar mahaukata. Ta cire tabarau ta riƙe a hannu. Ba ta ce mu daina ba, mu ma ba mu daina ba sai da numfashin Baffa ya ƙare.

Iyakar abin da muka iya kai mata ke nan daga amanar da tsoho ya riƙe tsawon rayuwarsa.

Allah ka ji ƙan Kaka, ka yafe masa zafin bakinsa, ka karɓi riƙon da ya yi, don shi bai gaza ba. Ka yalwata masa makwanci, ka buɗe masa taga ta wajen Aljanna, iska ta riƙa shigo masa ba abin da ya tare ta.